Tantin da Ke Neman Bango

Mijin yayata sana'arsa saka labule, kuma ba zan ci haƙƙinsa ba, ya iya. Matsalarsa ɗaya ce, a ganinsa duk abin da ke duniyar nan labule ne da ba a samu gwani ya saka ba. Ka kai masa kukan ciwon baya, zai ba ka labarin sandar da ta lanƙwashe a gidan wani likita ya miƙar da ita cikin minti goma. Ka ce masa ɗanka ya faɗi jarrabawa, zai ce tun farko ba a auna tagar ba ne. Duk layinmu Mai Labule ake kiransa, amma a jikin ƙaramar motar kayansa ya sa an rubuta Injiniyan Tagogi da jan fenti, har da hoton tsani.

Yayata kuwa nas ce a sashen gaggawa, kuma shekara shida ke nan rabonta da barcin kirki. In tana asibiti aiki ne, in ta dawo gida ma aiki ne, don mijin nan nata ya bi gida gida ya sanar da cewa rabin likita ya aura. Tana kwanciya za a buga ƙofa. Wani ya tura wake a hanci, wata ta ƙone da ruwan zafi, wani tsoho yana so a duba masa ko maganin nan na safe ne ko na yamma. In ƙofa ta yi shiru, waya ta karɓa. Bana da zafi ya kankama, makarantu suka rufe, sai aka ce nan da mako biyu za a ba ta hutun kwana uku cur. Na tambaye ta abin da za ta yi da su. Ta dube ni da idanun nan nata da suka faɗa ciki, ta ce, "Barci. Wanda ba mai cewa Sista taso."

Wallahi tausayinta ya kama ni. Shi kuwa gogan yana jin haka ya ajiye cokali, ya ce barci a gida ai na marasa dabara ne. Akwai wani dutse tafiyar awa huɗu a mota, inda mutane ke kafa tanti a samansa lokacin zafi, iska mai sanyi, ba sauro, ba hayaniya. Can zai kai uwargida. Yaya tana ta girgiza kai har sai da ya ce a can ko waya ba ta shiga. Nan ta gyara zama. Ta ce ta yarda, amma da sharaɗi ɗaya: daga lokacin da aka tada mota har a dawo, kada ya faɗa wa kowa aikinta. Ya dafa ƙirji ya ce in kalmar nas ta fito daga bakinsa a canza masa suna. Aka shirya kai yara wurin Mama. Ni kuma Yaya ta ce dole in bi su, tunda ina hutun koyarwa, don a samu mai amsa masa magana ita ta huta.

Saura tanti. Na raka shi kanti muka duba na sayarwa, ya murza ƙyallen da yatsa biyu, ya taɓe baki, ya ce wa mai kantin wannan leda ce da sanduna, ba zai sa matarsa a leda ba kamar burodi. Shi zai ɗinka nasa.

Kwana tara keken ɗinkinsa yana kuka. Abin da ya fito kuwa sai wanda ya gani. Hawa uku ne. Daga ciki farin leshi shara-shara, a tsakiya baƙin shafin nan da ake sa wa labulen otal don kada haske ya shiga, daga waje kuma jan karammiski mai nauyin tsiya, ragowar aikin wani ɗakin taro. Ya yi masa tattara daga sama har ƙasa, ya jera zobba ɗari da arba'in a kan sanduna shida, ya rataya tuntaye masu ruwan gwal a kusurwoyi. Ƙofar ma ba zif ba ce. Igiya ce, in ka ja ta labule ya rabu biyu a hankali.

Ana jibi tafiya ya kafa shi a falo don gwaji. Ya fitar da kujeru waje, ya ɗauko injin huda bango ya huda wuri takwas, ya ɗaure ƙarafan da sanduna ke hawa, ya cire fanka ya rataya tsakiyar rufin a ƙugiyarta. Sannan ya aika aka kira maƙwabta. Gaskiya tantin ya tsaya cak, ya yi kyau, mata suna ta shafa karammiskin suna tambayar ko zai yi musu irinsa. Shi kuwa yana ta jan igiya yana saki, yana bayani kamar mai ƙaddamar da jirgin sama.

Makaniken da ke gida na gaba da nasu ba mai yawan magana ba ne. Ya zagaya tantin sau biyu yana goge hannu da tsumma, ya kalli ƙarafan da ke bango, ya ɗaga kai ya kalli ƙugiyar fanka. Ya ce, "Ya yi kyau. To a can wane bangon za ka huda?"

Mai Labule ya yi masa dariyar da ake yi wa ɗan aji ɗaya. Ya ce, "Dutse fa za mu hau, malam. Dutse ai duk bango ne. Shi bangon da me ake yinsa?"

Mutane suka gyaɗa kai. Ni ma, da kunya nake faɗa, na gyaɗa, ni da nake koyar da labarin ƙasa. Makanike ya ce to Allah ya ba da sa'a, amma a bari ya duba lagireton motar kafin a hau tudu da wannan kaya. Mai Labule ya ce shi da motarsa sun fahimci juna, ba sa bukatar mai shiga tsakani.

Ranar tafiya Yaya ta sauko daga aikin dare da ƙarfe bakwai na safe, ko wanka ba ta tsaya yi ba, ta sauya riga ta shige gaban mota ta jingina kai da gilashi. Ni ina baya tsakanin katifa da tukunya. A saman motar an ɗaure tsani da tantin a naɗe, da sandunan nan shida masu tsawon mita huɗu, sun leƙo gaba sun leƙo baya. Kafin mu fita daga layi ta fara gyangyaɗi.

Ba ta yi minti ashirin ba muka shiga gidan mai. Aka zuba, Mai Labule ya ce wa mai zuba man ya matsa ya ga yadda ake riɓas da ido ɗaya. Ya manta da sanduna. Suka share gwangwanayen baƙin man da aka jera a kan kanta, tun daga na farko har na ƙarshe, suka bi siminti suna gangarawa da ƙara. Yaya ta zabura tana tambayar gado na nawa ne. Muka sauka mu uku muna tsinta, mai gidan man yana tsaye ya riƙe ƙugu. Mai Labule ya gaya masa laifin mai jera kaya ne, kanta ba ta da tsayin da ya dace, in yana so zai dawo ya auna masa.

Da muka yi awa biyu a kan babban titi, Yaya ta sake lumshe ido, sai ya kashe kwana ya shiga wata hanyar ƙasa. Na ce masa allo ya nuna dutse yana gaba. Ya ce allo na baƙi ne, shi ya taɓa saka labule a wani otal a gindin dutsen shekara goma sha ɗaya da suka wuce, kuma ya san yanke da za ta rage mana awa guda. Hanyar ta yi ta tsukewa, ramuka suna wurgi da kan Yaya yana bugun gilashi, har muka tsaya a ƙofar wata gonar kaji. Daga nan ba hanya. Wata mata ta fito da bokitin ƙwai, ta kalli bayan motarmu, ta tambaya ko amarya aka kawo. Na waiwaya. Ashe leshin ya kwance tun can baya, ƙaya ta kama bakinsa, muna tafe yana warwarewa, ga shi nan fari tas a shimfiɗe a kan hanya iya ganin ido.

Ba wurin juyawa. Da baya da baya muka fito, ni ina tafe a ƙasa ina naɗe leshi ina cire masa ƙaya da gashin kaji, shi yana leƙowa ta taga yana cewa in bi tattarar kada in karya masa layi. Yanken da zai rage mana awa guda ya ƙara mana awa ɗaya da rabi. Ya ce ai an canza hanyar ne ba tare da an sanar da mutane ba.

A hawan dutsen ne motar ta faɗi ra'ayinta game da karammiski. Ta fara tari, ta koma nishi, daga nan hayaƙi fari ya taso daga gaba. Ya buɗe murfi ya tsaya yana kallon injin kamar zai gane shi. Ya juye mata jarkar ruwan shanmu ɗaya, ya juye ta biyu, yana neman fulas ɗin shayi na rungume shi na ce sai dai a kashe ni. Kwanar ƙarshe turawa muka yi, ni da Yaya, matar da ta kwana a tsaye a kan marasa lafiya. Shi yana ciki riƙe da sitiyari, yana ce mana mu haɗa ƙarfi lokaci ɗaya, ya ga ɓangaren hagu ya fi na dama rauni. Na dama ni ce, na hagu Yaya.

Rana ta take tsaka muka isa. Kai, wurin ya yi kyau. Iska mai sanyi ta doki fuskata har na manta da fushina. Fili ne shimfiɗaɗɗe, ciyawa kore shar, ƙananan tantuna kusan talatin sun bazu, ja da shuɗi da rawaya, yara suna buga ƙwallo, can ƙasa garuruwa sun zama ɗigo-ɗigo. Na duba gabas, na duba yamma. Ciyawa ce da sararin sama. Ko dutsen da za ka fasa gyaɗa da shi sai ka nema.

Mai Labule ya sauko da injin huda bango a hannu ɗaya, naɗin wayar lantarki mai mita hamsin a kafaɗa. Ya ɗan tsaya yana waige-waige. Sannan ya nufi jami'in da ke kula da wurin, wani tsoho siriri mai malafa da usur a wuya, ya gaishe shi, ya tambaye shi inda soket yake.

Jami'in ya kalli injin, ya kalli mai injin. Ya ce ba lantarki a nan, shi ya sa ake zuwa. Duwatsu suna can bakin kwazazzabo, tafiyar awa guda a ƙasa, kuma wanda ya huda su zai kwana a hannun hukuma. Bishiyoyin can ma ba a buga musu ko ƙusa. Sai ya rage murya ya ce yana da tanti ɗaya da yake ajiye wa masu irin wannan matsala, minti biyar an kafa shi.

"Wace irin matsala?" in ji Mai Labule. "Shekara ashirin da biyu ina rataya ƙyalle, Baba. Na rataya a inda ko ƙadangare ba ya maƙalewa."

Jami'in ya ce to madalla, shi yana nan a rumfarsa.

Yaya ta ce a karɓi na aron don Allah, ita ko a buhu aka sa ta za ta yi barci. Ya ce ta ba shi rabin awa kawai, ba zai kawo ta har nan ya sa ta a leda ba. Ta zauna a kan katifa a tsakiyar rana, ta rufe fuska da mayafi.

Wani dattijo mai farin gemu, da shi da matarsa suke shan shayi a tantin da ke kusa, ya taso don ya taya mu sauke sanduna. Wani ƙarfe ya datse masa yatsa, jini ya ɗan fito, abin da ko filasta bai kai ba. Kafin in buɗe baki sai na ji muryar Mai Labule ta cika fili.

"Kada ka damu, ranka ya daɗe, ka faɗo hannu na gari. Matata nas ce. Shekara goma sha shida a sashen gaggawa."

Na ga kawuna suna fitowa daga tantuna. Yaya ta yaye mayafi a hankali ta dube shi. Ni da na tashi ɗaki ɗaya da ita na san gara ta yi faɗa da wannan kallon.

Cikin minti goma layi ya kafu a gaban katifa. Mai bororo a dunduniya, wanda zuma ta harba a kunne, wata mata da take jin kamar jininta ya hau tun da suka hau dutsen, wani mai gajeren wando da ya ɗaga riga yana so a duba masa wani tabo da ya shekara bakwai a bayansa. Yaya ba ta iya korar mai ciwo, wannan ne abin da ke cinta. Ta buɗe ƙaramar jakarta tana wankewa tana ɗaurewa. Na ga tana neman bakin filasta ta kasa samu, na ga ƙwalla ta taru a idonta ta share da bayan hannu kafin mai bororon ya lura.

Raina ya ɓaci sosai. Na same shi a bayan mota yana jera zobba, na ce, "Abu ɗaya ta roƙe ka. Ɗaya tak."

Ya sosa ƙeya, ya ce bakinsa ne ya riga shi. Sai kuma ya murmure, ya ce in ta ga tantin a tsaye duk za ta manta, in miƙo masa bokiti.

Dabarar da ya ƙulla ita ce, motar ta zama bango na farko. Ya ɗora bakin babbar sanda a kan ƙarfen saman mota ya ɗaure. Tsani ya zama bango na biyu. A madadin ƙugiyar fanka ya cika bokiti da ƙasa ya soka sanda a ciki ta tokare rufi. Sauran kusurwoyin ya ɗaure su da wayar lantarkin nan, ya zagaya da ita ya kawo ƙarshenta ya ƙulla a madubin mota. Rabin awarsa ta zama awa biyu. Amma fa abin ya tashi. Jan karammiski yana sheƙi a tsakiyar ciyawa, tuntaye suna lilo, ya fi duk tantunan wurin tsayi sau biyu. Dattijon ya ce shi bai taɓa ganin irinsa ba, matarsa ta ce ita ta gani, a wurin wasan kwaikwayo.

Ya kori layin marasa lafiya da cewa a dakata za a yi biki. Ya ja katifa ciki, ya kamo hannun Yaya ya zaunar da ita a kai, ya ce ta rufe ido har sai ya ce ta buɗe. Ba sai ya maimaita ba. Ya rufe labule, ya fito ya tafa hannu ya tara jama'a, har jami'in ya taso daga rumfa. Ya yi jawabi a kan bambancin mai sana'a da mai sayen leda. Ya ambaci wani makanike a layinsu da ya ce ba za a iya ba, ya ce ya so a ce yana nan. Ya ce a ɗaga wayoyi a ɗauka, tunda ko ba sa kira ai suna hoto. Sannan ya kama igiya ya ja.

Labulen ya rabu biyu sumul, ko zobe ɗaya bai sarƙe ba. Na ce muku ya iya aikinsa. Abin da ya manta shi ne a falo ba a iska. Ƙofar tana buɗewa iskar dutsen ta shige gaba ɗaya, rufin ya kumbura ya yi sama. Tsani ya ɗaga ƙafa ya yi taku biyu, ya tsaya kamar yana shawara, ya kife. Bokiti ya bi shi. Wayar lantarki ta miƙe ta fizge madubin mota ya yi tsalle ya faɗa cikin tukunyarmu. Leshi ya ɓalle ya tashi ya lulluɓe dattijo da matarsa da butar shayinsu. Tuntu ɗaya ya kwashe malafar jami'i, shi kuwa ya hura usur, ban san wa yake hura wa ba. Sai karammiskin ya sauko gaba ɗaya, ya rufe katifa, ya rufe mai jawabi.

Aka ga wani tudu yana rarrafe a ƙarƙashin ja, ya yi gabas ya bugi taya, ya juyo yamma. Da ya fito, gashinsa duk ciyawa, igiyar tana hannunsa har yanzu. Fili ya ɗauki dariya. Mai bororo ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki, yara suna tsalle, wayoyi talatin suna kallonsa. Ya buɗe baki ya fara cewa iskar nan ba a bisa ƙa'ida ta zo ba.

Ni ce na ce, "Ina Yaya?"

Dariya ta tsaya. Tudun da ke kan katifa ba ya motsi. Na ruga na ɗaga gefen ƙyallen na leƙa, shi ma ya durƙusa a gefena. Ciki duhu ne ƙirin, baƙin shafin nan bai bar ko ɗigon haske ba, ga sanyi, ga shiru, karammiski ya shanye duk hayaniyar waje. Yaya tana kwance a gefe ɗaya, takalmi a ƙafarta, hannu a ƙarƙashin kunci, bakinta a ɗan buɗe. Na kai kunne. Numfashi take ja mai tsawo, har da ɗan minshari. Tun ina yarinya rabon da in ga fuskarta a sake haka.

Sai dai ƙyallen ya kwanta mata a fuska, kuma nauyinsa ba na wasa ba ne. Bakin babbar sanda ɗaya yana nan ɗaure a saman mota. Mai Labule ya kama ɗaya bakin ya ɗaga sama da hannu biyu, rufin ya tashi daga kanta kamar kamu uku. Ya ce mini a raɗa in tayar da tsani. Na duba, ƙafar tsani ta karye. Ya ɗan juya don ya gani da idonsa, zobban nan suka yi kacau-kacau a kan sanda. Yaya ta motsa, ta yamutsa fuska, ta ce, "Ina zuwa," cikin barci.

Ya daskare a wurin. Ta sauke ajiyar zuciya ta koma.

Haka ya tsaya. Dattijo ya fito daga cikin leshi ya zo ya ce a ba shi ya karɓe shi, suka gwada, zobba suka fara magana, Mai Labule ya girgiza kai ya ce a bari. Jami'in ya tsinci malafarsa, ya kalli mutumin da ke tsaye da hannuwa a sama, ya cusa usur a aljihu, ya je ya kora masu ƙwallo can ƙarshen fili. Mutane suka ci gaba da dariya, amma a cikin tafin hannu. Wasu suka zo suka tsaya a gefensa aka ɗauke su hoto. Ni dai tun da aka kawo shi gidanmu neman aure ban taɓa ganin ya yi minti biyar bakinsa a rufe ba sai ranar.

Bayan awa guda hannuwansa suka fara kakkarwa, ya sauke sandar a hankali a kan kafaɗa. Da kafaɗa ta gaji ya mayar da ita ka, na naɗe masa tawul na tura a tsakani. Gumi yana bin gemunsa yana ɗiga. Na riƙa gutsura masa burodi ina sa masa a baki, ina ba shi shayin da ya so ya juye wa mota. Na so in tsokane shi, Allah ya sani na tanadi maganganu tun daga gonar kaji, amma na kasa.

Wajen la'asar wata mata ta taho daga can nesa tana ɗingishi, ba ta san abin da ya faru ba. Ta ce an gaya mata akwai nas a jan tanti. Mai Labule ya dube ta daga ƙarƙashin sanda, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda zobe ko ɗaya bai motsa ba.

"Ba nas a nan, Hajiya. Matata ce, barci take yi."

Jami'in ya zo ya kama hannun matar ya kai ta rumfarsa, ashe duk wannan lokaci yana da akwatin magani.

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa Yaya ta yaye gefen karammiski ta fito da rarrafe, shatin leshi a kumatunta. Ta yi miƙa, ta kalli tsaunukan da ke nesa, ta ce ashe wurin yana da kyau. Sannan ta juyo ta ga mijinta, sanda a ka, tawul ya jiƙe, ƙafafu suna rawa. Ta tambaye ni tun yaushe. Na ce awa huɗu da kwata. Ta daɗe tana kallonsa. Shi kuwa da ya ga ta tashi sai bakin ya dawo, ya ce dama haka tsarin yake, sabon salo ne, tanti mai ginshiƙi mai rai, ko a ƙasashen waje ba a fara ba. Ta sa hannu ta ɗauke masa sandar ta ajiye a ƙasa, ta share masa gumi da mayafinta. Ta ce tsarin ya yi, gobe ma bayan karin kumallo haka take so.

A tantin ledar jami'i muka kwana ni da Yaya, shi a mota. Washegari aka yafa baƙin shafin a kan ledar, Yaya ta yi barci har azahar, shi yana zaune a ƙofa a kan bokiti yana korar duk mai ɗingishi.

Da muka dawo layinmu a rana ta uku, ba madubi, tsani a karye, Makanike yana zaune a ƙofar gidansa da tsummansa. Ya taso ya zagaya motar sau biyu. Ya ce, "Sannunku da hanya. An samu bangon?"

Mai Labule ya gyara tsayuwa, ya buɗe baki, ya yunƙura zai ɗaga hannu ya kwatanta yadda abin ya tashi. Hannun ya ƙi wuce ƙugu. Yaya ce ta amsa, tana sauke jakarta, idanunta sun washe.

"An samu. Ashe da shi muka tafi. Ga shi nan mun dawo da shi."

Ta shige gida ta ja ƙofa, don saura mata rabin yini a hutun. Shi kuwa ya jawo kujera ya zauna a bakin ƙofar. Ba a jima ba tsohon nan mai maganin safe da na yamma ya taho da ledarsa. Mai Labule ya tare shi tun daga nesa, ya ce masa a raɗa uwargida tana barci, sai dai ya je asibiti. Har ya fara kwatanta masa wata yanke da ya sani, na fito na raka tsohon bakin titi da kaina.